Jiƙon Tsarin Rake

Labaran ya kafta fartanya a gindin rake, ya ɗebo ƙasa cike da hannu, ya murje ta. Ko tana ɗaya babu. Ƙasar da a da take baƙa wuluk mai laushi ta koma dunƙule-dunƙule, da wani fari-fari a samanta. Raken kuwa ga shi nan a tsaye kamar karan dawa, ganye ya yi ɗorawa, gaɓoɓi sun tsuke.

Fadamar nan ta bayan Birchi tun zamanin kakansa take hannunsu. Amma dagaci ya riga ya aiko masa: in bana ma ba ta yi ba, za a ba wanda zai iya da ita, don ba a barin fadama a banza mutane na nema. Labaran ya ji saƙon, ya ce to. Me zai ce? Mutum ne da duniyarsa ba ta wuce gona da masallaci da kasuwar Kurfi ba, ko musu bai iya ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya ga lokacin da fadamar ta yi tashe. Shekarar da aka sami 'yancin kai, rakensa ya yi kaurin da yaro ba ya iya kewaye shi da hannu ɗaya. Masu wucewa kan tsaya su riƙe baki. Ƙanensa Sabitu, tsohon soja mai dafa mazarƙwaila can cikin duwatsun Kutawa, shi ke kwashe raken kaf, kuma shi ya fara yi masa kashedi.

"Yaya, bakin mutane ba shi da kyau. Kada ka yi wasa da tsari."

Sabitu bai tsaya ga magana ba. Tun kafin shekarar tashen ma, duk ranar kasuwa yakan aiko jaki da garwa biyu na wani jiƙo baƙi-baƙi mai tsami, na wani mai magani da ya sani, a zuba a bakin kwalbatin ban-ruwa. Labaran kan yi bisimilla ya zuba da hannunsa, yana sa wa ƙanensa albarka.

Duk da haka bakin ya kama. Shekara ta biyu rake ya rage. Ta uku ya tsuke. Labaran ya roƙi Jibo makiyayi ya kwana da shanunsa wata guda a gefen fadamar, ya kwashi taki ya zuba, a banza. Ya kawo toka da juji. Ya yi sadakar waina ranar Juma'a har sau bakwai. Ya aika wa Sabitu cewa abin ya fi ƙarfin garwa biyu, Sabitu kuwa, Allah sarki, ya mayar da su shida ba tare da ya nemi ko anini ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai zargi ya shiga. Ya'u, maƙwabcinsa na gona, rakensa kore shar, alhali kunya ɗaya ce tsakaninsu. Shekara talatin suna cin tuwo a akushi ɗaya, amma wata rana Labaran ya tare shi a hanya.

"Ya'u, mi na yi maka?"

Ya'u ya dube shi, ya saɓa fartanyarsa ya wuce. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. Labaran ya koma gida ya zauna a zaure, baƙin ciki ya cika shi, ga gona tana mutuwa ga aboki ya tafi, kuma bai san wanda zai kai wa kuka ba.

Matarsa Rekiya ce ta matsa masa ya je Dutsin-Ma ya kira malamin gona. Bai so ba, don a ganinsa mai wando da keke bai san ciwon ƙasa ba. Amma ya je.

Malam Rabe ya zo da hantsi, ya jingine kekensa, ya tona nan ya tona can, har cikin gonar Ya'u. Sa'an nan ya tsuguna ya yi masa bayani a hankali. Ya ce ƙasa tana da rai. Akwai wasu ƙananan halittu a cikinta da ido ba ya gani, su ke narkar da taki su mayar da shi abincin shuka. In sun sami abu daidai kima sai su yi yawa, gona ta yi kyau. In abin ya yi musu yawa, ya yi tsami, sai su mutu, ƙasa ta zama gawa, ko takin garke goma aka zuba ba mai narkar da shi.

"Na gonarka sun mutu, Malam. Ba shekara ɗaya za ta ɗauka ba kafin su dawo."

Labaran ya dubi rakensa. Ya san fadamar ta tafi ke nan. Ya ce, "To wa ya kashe su? Ni dai ba abin da ban yi ba. Har tsari nike zubawa duk mako."

"Wane tsari?"

Labaran ya jawo garwar da ta rage a inuwar giginya, ya buɗe. Malam Rabe ya sunkuya, bai ko kai hancinsa bakinta ba ya ja da baya.

"Wa ke ba ka wannan?"

"Ƙanena Sabitu, na Kutawa. Ba don shi ba da tuni ta mutu."

Malam Rabe ya cire hularsa, yana duban dattijon da ya yi shekaru yana zuba abin nan bai san warin mene ne ba.

"Malam, shekaranjiya 'yan doka suka fasa wani wuri cikin duwatsun Kutawa, mai wurin ya tsere. Shekara biyar suna mamakin inda yake ɓoye ƙazantar tukwanensa. Wannan ba jiƙo ba ne, ragowar giyar da yake dafawa da rakenka ce."