Kofin Doña Amparo

Jini na bin ƙafafun Idalia lokacin da uwar ɗakinta, Doña Amparo, ta saka ta a mota.

"Daure, 'yata, mun kusa."

Idalia har hawaye ta yi. Tun da ta fara aikatau a gidan, matar nan ba ta taɓa ce mata 'yata ba. Da safe ma da hannunta ta haɗa mata shayin kirfa, alhali ta san cikin da Idalia ke ɗauke da shi na ɗanta Osmin ne.

Suka wuce asibitocin kuɗi na birnin San Salvador, inda ake rufa wa masu hali asirin ɓari. Doña Amparo ta tsaya a na gwamnati, inda likita ke kiran 'yan sanda in ya yi zargin zubar da ciki.

Idalia ta farfaɗo da ankwa a hannu.

"Na rantse ɓari na yi!"

"Kowacce haka take cewa, sai ta ji ɗaurin shekara talatin," in ji ɗan sandan.

Doña Amparo ta share hawaye, ta zaro kofin shayin safen a leda.

"Yallaɓai, ga abin da ta sha, a kan idona. A auna shi da wuri, don Allah. Asabar bikin ɗana."