Jan Burushi

Maigida ya durƙusa gaban bokiti, yana wanke tayoyin 'yar motarsa mai rimot da jan burushin haƙori. Gobe akwai tsere, kuma taya mai datti santsi take yi a kwana.

Ya daɗe yana satar jan burushi daga kofin banɗaki, a zatonsa na matarsa ne, don ya fi nasa laushi, ba ya cin roba. In ya gama sai ya ɗauraye, ya mayar cikin kofi kamar ba a yi ba.

Yau kam matarsa ta kama shi. Ta riƙe ƙugu a bakin ƙofa.

"Sannu da aiki, babban direba. Ko ƙafar 'ya'yanka ba ka taɓa wankewa haka ba."

"Haba ke kuwa, burushi ne fa. Zan saya miki sabo."

"Ni? Ai tun ranar da na tauna yashi nake ɓoye nawa a jaka."

Hannunsa ya tsaya cak. "To wannan na wa?"

Sai muryar mahaifiyarsa, wadda ta yi wata guda a gidansu, ta taso daga banɗaki:

"Wai wa ya ɗauke mini burushi? Kwanan nan bakina duk warin roba yake yi!"