Ɓerayen Kapembwa

Kapembwa ya toshe hanci zai kurɓi jiƙon zogalensa na kowace safiya, sai ga budurwarsa Lubuto a bakin ƙofa, ido jawur.

"Gwaggo ta mayar da farantin kuɗin neman aurenka," in ji ta. "Wai maza masu tonon dalma a Kabwe ba sa haihuwa."

Ya ɗaga kwalbar jiƙon. "Masana sun gwada wannan. Yana kare namiji daga gubar dalma."

"A kan wa suka gwada?"

Ya dubi rufin ɗaki. "Ɓeraye."

"In ce wa Gwaggo ɓera zan aura?"

"Ki ce mata sun cika keji da 'ya'ya!"

Dariya ta ƙwace mata, ta tare da bakin zani. Sai idonta ya sauka kan ƙurar da ta kwanta masa a gira kamar furfurar da ta yi sammako. Muryarta ta yi sanyi.

"Su ɓerayen, kullum ake mayar da su ramin dalma?"

Ya dubi sheburinsa, ya dube ta. Sannan ya miƙa mata sheburin.

"Kai wa Gwaggo, ta kwashe shara."

"Kai fa?"

"Kasuwa, neman dako," ya ce, ya sunkuya ya fice.