Cajar da ta ƙona Nana

Tafin hannun Nana ya riga ya saluɓe kafin uwarta ta samu ta kashe kuran, wato wutar lantarki. Yarinyar ta kama wayar salula ne tana caji, cajar ta yi bindiga, wuta ta lashe rabin katifa.

Alhaji Alfari ya baro mangazarsa ta bakin gada, inda yake sayar da kaya a kan sari, ya same su a gidan likita. Ya dubi hannun 'yarsa, ya dubi ƙonanniyar cajar, ransa ya ɓaci. A Gaya kowa ya san shi da raina masu sayen kayan arha. Yakan ce wanda ya sayi caja a kan tebur ya sayi gobara, kuma shi ya so. Shi da ya san abin da ke ƙetarowa daga Malanville ta tsallaken iyaka, bai taɓa yarda kayan kasuwar Gaya su shiga gidansa ba. Wannan cajar ma daga Dosso ya sa aka sayo ta, cikin kwali mai sheƙi.

Ya fasa ta da ɗan yatsa. Wayoyin ciki ba su kai kaurin gashi ba, har da guntun ƙarfe da aka manna don ta yi nauyi. Kallo ɗaya ya yi ya gane dabarar.

Washegari ya shiga mota sai Dosso. Ya dira a shagon da aka sayo cajar, ya jefa wa mai shi, wani saurayi Zahradeen, ragowar cajar. Ya kira shi ɓarawo, maras tsoron Allah, mai cin abinci da naman 'ya'yan mutane. Ya rantse sai jandarma sun rufe shagon. Jama'a suka taru.

Zahradeen ya ce shi kwali kawai yake sa wa cajojin. A buhu ake aiko masa da su a mota, bai ma taɓa ganin fuskar mai kayan ba, a waya suke ciniki.

"Kira min tsinannen nan," in ji Alfari. "A gaban mutanen nan zan gaya masa ko shi wane ne."

Zahradeen ya danna lambar.

Sai waya ta fara ƙara a aljihun Alhaji Alfari.