Sallamar Hajiya Zakiyya

Motar asibiti na tsayawa a ƙofar gidan kula da tsofaffi, Hajiya Zakiyya ta damƙe hannun ɗanta Sabri.

"Wannan ba layinmu na unguwar Shubra ba ne. Ina ka kawo ni?"

"Umma, likita ne ya ce ƙugunki sai da masu jinya. Ki yi haƙuri."

Sabri ya manta rabon da ya yi Juma'a a masallaci, balle ya zauna shan shayi da abokai. Shi ke yi mata wanka, shi ke ba ta abinci a baki, har furfura ta cinye kansa. Da ɗansa Hazim ya ce ya samo wuri a bayan garin Alƙahira, sai ya amince. Yau kunya na cinsa, amma can ƙasan zuciyarsa ɗokin gobe yake yi.

Aka kwantar da ita. Ya sumbaci goshinta, ya juya zai fita, sai ya tarar Hazim ya tare ƙofa.

"Sai ina, Baba?"

"Gida mana. Kauce, sarkin surutu."

"Haba Baba! In bari unguwa ta ce ka yar da Kaka a hannun baƙi? Wallahi ba da ni ba." Ya nuna gadon da ke gefe. "Wannan naka ne. Gida kuma kada ka damu, ni da amaryata za mu riƙe shi."

Hajiya Zakiyya ta gyara kwanciya.

"Sabri, rufe ƙofar nan, iska na shigowa."