Sai Abin da Aka Tono

"Baba, ba ma karɓar tarkacen gida," in ji shugaban gidan tarihin, yana zungurar dutsen niƙan da takalmi. "Sai abin da aka tono."

Tsohon ya mayar da dutsen marigayiyar matarsa cikin baro. Da ma wurin ajiya yake nema, kafin 'ya'yansa su jefar da shi. A hanya ya ari shebur.

Bayan damina, masu tonon tarihi suka yi tsintuwar da ta shiga jarida. Tsohon ya yanki tikitin gidan tarihin, ya tsaya gaban gilashin da aka sa dutsen a ciki.

"Na wata sarauniya ne, shekara dubu," in ji shugaban. "Dubi yadda bayinta suka lotsa shi da niƙa."

"Ita kaɗai ce, ɗana. Ita ce sarauniyar, ita ce bayin."