Fuskar Yumɓu

Ta murza yumɓun da babban yatsa har kumatu suka fito. Aikinta ke nan a ɗakin binciken gawa na asibiti: a kawo ƙoƙon kan da ba a san mai shi ba, ta auna, ta kafa 'yan tsinkaye gwargwadon kaurin nama, ta gina fuska ko dangi za su gane nasu.

Wannan karon ko ma'auni ba ta taɓa ba. Ta kulle ƙofa, tana aiki tana cizon leɓe.

Da ta gama, ta kira Sufeton da ke riƙe da maganar wani direba da ya ɓace shekarun baya. Kowa ya san da maigidansa, Mai Bulo, aka yi masa ganin ƙarshe, suna cacar baki. Amma babu gawa, babu shari'a, kuma a makon nan za a rufe binciken. Mutumin kuwa sai ƙiba yake, har da ba mutane wa'azin haƙuri, tsinanne.

"Yallaɓai, ambaliya ta tono wani kai a bakin kogi," in ji ta. "Zo da maigidan ya gani."

Mai Bulo ya shigo yana sakace. Ta yaye ƙyallen. Ga direban nan sak, da wushiryarsa, da tabon gira, har da yadda yake karkata baki in zai yi dariya. Tsinken sakacen ya faɗi ƙasa.

"Ban san shi ba, baiwar Allah," ya ce, gumi na tsatstsafo masa.

Ta kafa masa ido. Wallahi ta ji daɗin wannan gumin har cikin ranta.

Bakin kogi? Ta yaya? Tambayar ta hana Mai Bulo sakat. Ranar hutu, da ma'aikata ba sa nan, ya ɗauki diga ya shiga ɗakin ajiyar siminti, ya hau fasa daɓe don ya gani da idonsa ko abin da ya binne yana nan. Bai san Sufeto ya sa a bi sawunsa ba. A cikin ramin aka yi masa ankwa, ƙasusuwa a gabansa, da ƙoƙon kai mai rami a ƙeya.

Washegari Sufeto ya dawo wurinta fuska a ɗaure.

"Malama, mutum ɗaya ba ya da kai biyu. Wancan na direba ne, haƙora sun tabbatar. To wannan na wane ne?"

Ta sa wuƙa ta kankare goshin yumɓun. Farar roba ta bayyana, irin kan da ake koya wa ɗalibai da shi.

"Roba? To fuskar fa, daga ina kika samo ta?"

Ta shafa kumatun a hankali, idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Yallaɓai, a bayana na goya shi har ya yi wayo. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya."